Tambayoyinku kan fasaha: ƙara wa kwamfutar tebur gudu a zafin Kano

Makon nan yawancin tambayoyin da suka shigo a kan abu ɗaya suke, wato yadda ake matsa wa kwamfutar tebur ta yi gudun da ya wuce wanda kamfani ya rubuta mata, abin da masu harkar ke kira obakulokin. Da alama bidiyoyin da samari ke kallo a YouTube ne suka tayar da ƙurar. Na zaɓi guda biyar, na ɗan gyara rubutun wasu don ya karantu.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi HP EliteDesk tokunbo a Beirut Road, furosesarta i5-6500 ce, RAM giga 8. Na ga wani Bature ya ɗaga tasa ta kai gigahaz 5. Na shiga BIOS na duba ko'ina, ban ga wurin da ya taɓa ba. Ko cutata aka yi? Daga wani ɗalibi a Kabuga.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba wanda ya cuce ka, kwamfutar taka ce ba ta cikin masu yi.

Kowace furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana aiki ne da bugu, kamar zuciya. In aka ce gigahaz 3.2, ana nufin tana bugawa sau biliyan 3.2 a daƙiƙa ɗaya. Wannan lissafin daga lambobi biyu yake fitowa: bugun tushe, wanda kusan kullum megahaz 100 ne, sai wata lamba da ake ninka shi da ita. Taka 32 ce, in aiki ya yi nauyi ta ɗaga kanta zuwa 36. Obakulokin shi ne ka sa hannu ka ɗaga wannan lamba ta biyu. To, Intel ya kulle ta a yawancin furosesoshinsa, bai buɗe ba sai a waɗanda sunansu ya ƙare da harafin K, irin su i5-6600K ko i7-8700K. Ko mai K ɗin ma sai an ɗora ta a madabod (babban faifan da ake dasa duk sassan kwamfuta a kansa) mai harafin Z, kamar Z170 ko Z390, kafin ƙofar ta buɗe.

Su kuwa EliteDesk da ProDesk na HP, OptiPlex na Dell da ThinkCentre na Lenovo, waɗanda su suka cika shagunanmu, don ofisoshi da bankuna aka ƙera su. Mai ofis so yake kwamfuta ta yi shekara biyar ba ta ce uffan ba, ba ya son ma'aikaci ya shiga yana murɗe-murɗe. Saboda haka BIOS ɗinsu, wato shafin saitin da ake shiga tun kafin kwamfuta ta gama tashi, a rufe yake ruf, fankarsu ƙarama, fawa-fak ɗinsu kuma an auna shi daidai cikinsa. Duk manhajar da ka gani a intanet tana cewa za ta buɗe maka, ka bi ta da ido kawai.

In nauyi take yi maka, buɗe ta ka duba. In tsohon hadis (ma'ajiyar fayiloli) mai juyawa ne a ciki, sa mata SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa kuma ta fi sauri. Wannan canjin kaɗai za ka ji shi tun daga kunnawa, fiye da duk abin da Baturen nan ya samu. Sannan in RAM ɗin, wato inda take riƙe aikin da take kai, sanda ɗaya ce, nemo mata 'yar'uwa irinta. Dalili yana cikin amsa ta gaba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina tace bidiyon biki a wani shago a Zoo Road. An haɗa mini kwamfuta da Ryzen 5 5600G a madabod B450, da RAM sanda biyu, a jikinsu an rubuta 3200. Amma Task Manager yana nuna mini 2133. Na koma wurin wanda ya haɗa, ya ce haka suke. Gaskiya ne? Daga wata 'yar'uwa a Gyaɗi-Gyaɗi.

Amsa: Malama, haka suke zuwa, amma ba haka ya kamata a bar su ba. Kin biya kuɗin 3200, ana ba ki aikin 2133. Wannan ne obakulokin ɗin da nake cewa kowane sabon shiga ya fara da shi, domin shi ya fi sauƙi, ya fi ƙarancin haɗari, kuma a irin kwamfutarki shi ya fi riba.

Irin waɗannan sandunan DDR4 suna ɗauke da saiti biyu a cikinsu. Na farko shi ne na kowa da kowa, 2133 ko 2400 a bolt 1.2, wanda kowane madabod zai iya tashi da shi. Na biyu shi ne wanda kamfanin RAM ɗin ya gwada ya rubuta a kwali, galibi 3200 a bolt 1.35. Madabod ba ya ɗaukar na biyun da kansa, sai an ce masa ya ɗauka. Intel ya fito da wannan tsari a 2007 ya sa masa suna XMP. A madabod ɗin ASUS na AMD za ki ga an rubuta DOCP, a MSI kuma A-XMP. A sababbin kwamfutoci masu DDR5, AMD yana da nasa da ya fitar a 2022, EXPO. Duk abu ɗaya ne, suna ne ya bambanta.

Ki kashe kwamfutar, ki kunna, ki riƙa danna Del har BIOS ya buɗe. Ki nemi ɗaya daga cikin sunayen nan, ki zaɓi saitin farko, ki danna F10 ki ajiye. Za ta iya kashe kanta ta kunna sau biyu ko uku kafin ta tashi. Kada gabanki ya faɗi, tana daidaita kanta ne da sabon gudun.

Me ya sa na ce ke kin fi kowa riba? 5600G ba ta da katin hoto na daban, sashen hoton a cikin furosesar yake, kuma da RAM ɗin nan naki yake cin abinci. Sanda ɗaya a 2133 tana iya ɗaukar kusan gigabait 17 a daƙiƙa, a 3200 kuwa 25.6. Ƙarin rabi ke nan. Ba wai aikinki duka zai ƙaru da rabi ba, amma za ki ga bambanci wajen jan bidiyo gaba da baya. Kuma 3200 ɗin shi ne gudun da AMD da kansa ya rubuta wa wannan furosesa, ba ki ƙetare iyaka ba.

Abu biyu ki duba. Na ɗaya, in ramukan RAM huɗu ne, sandunan su zauna a na biyu da na huɗu in kin ƙirgo daga wajen furosesa. Na sha buɗe kwamfuta in tarar an jera su kusa da juna kamar amarya da ƙawarta, alhali a haka layi ɗaya suke bi maimakon biyu, rabin hanyar ya tafi a banza. Na biyu, in kin duba da manhajar CPU-Z kika ga 1600, kada ki ce an sake yi miki. DDR sau biyu take aika saƙo a kowane bugu, 1600 ɗin shi ne 3200.

Bayan haka ki sa MemTest86, manhajar gwada RAM, a filashi, ki tashi kwamfutar da shi, ki bar shi ya zagaya sau huɗu. Zai ɗauki sa'o'i, ki yi shi lokacin da kike da tabbacin wuta. Ko kuskure ɗaya ya nuna, ki sauko zuwa 3000 ko 2933 ki sake. Kada ki raina wannan gwajin. RAM mai kuskure ba kullum take kashe kwamfuta ba, wani lokaci shiru za ta yi ta lalata fayil, sai ranar da uwar amarya ta zo karɓar bidiyo ya ƙi buɗewa.

Masu Intel da za su gwada wannan, ku sani H410 da B460 ba sa barin RAM ta wuce iyakar furosesa, i5-10400 a kansu 2666 za ta tsaya komai kuka saya. Daga B560 ne Intel ya saki wannan.

Tambaya: Yallaɓai, yayana ya aiko mini da kwamfutarsa daga Ingila, i7-8700K a madabod Z390. Ya ce a can yana tuƙa ta a gigahaz 5 ba matsala, amma ya mayar da ita yadda take kafin ya aiko. Ina so in mayar da ita 5 ɗin. Ta ina zan fara? Ban taɓa yi ba. Daga wani matashi a Rijiyar Zaki.

Amsa: Kai kam kana da kayan aikin. Amma abin farko da za ka cire a ranka shi ne lambar 5 ɗin nan. Yayanka a ɗaki mai sanyi ya same ta, kai kuma a Kano kake.

Ga abin da ya faru da ni. Shekarun baya ina da i5-2500K, wadda Intel ya fitar a 2011 da gudun 3.3, mutane da yawa kuma suka riƙa kai ta 4.5. A watan Janairu na zauna na ɗaga tawa, ina sanye da rigar sanyi, hazo ya rufe gari. Na gwada ta dare guda, zafinta bai wuce digiri 76 ba. Na yi ta cika baki a majalisa. Ranar wata Talata a Afrilu, wajen ƙarfe uku na rana, ina tsakiyar haɗa wani aiki da na yi alkawarin bayarwa bayan la'asar, fankar sama tana kaɗo iska mai zafi kamar daga bakin tanda, sai allo ya koma shuɗi. Na kunna, ya sake. Da na buɗe murfin na haska tocilan waya, tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya akwai wata ƙura ja da ta danƙare kamar bargo, da ɗan yatsa na ɓanɓaro ta a dunƙule. Ƙurar hunturun da na yi gwajin a cikinsa ce ta jira ni har bazara.

Lissafin ba wuya. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakinka take turawa. In ɗakin yana digiri 22 furosesa ta kai 76, ranar da ɗakin ya kai 38 za ta doshi 92, kafin ma a sa ƙura a lissafi. Wannan furosesar taka a digiri 100 take fara rage gudun kanta don kada ta ƙone. To ka ga wanda ya ɗaga ta ta yi zafi har ta riƙa ja da baya, garin neman ƙiba ya samo rama. Mu a nan, Afrilu da Mayu ne alƙalai. In a lokacin zafi kake gwaji, kada ta wuce 85 a aiki mafi nauyi. In a hunturu ne, ka tsaya wajen 70.

Kafin ka taɓa komai, ka duba abin sanyayawar. 8700K ba ta zuwa da fanka a kwalinta, saboda haka duk abin da ke kanta yayanka ne ya saya. In doguwar hasumiya ce mai bututun tagulla, madalla. In na ruwa ne kuma ya kwana biyu, ka saurari famfonsa ko yana aiki, domin suna tsufa. Ka cire, ka goge tsohon man da ke tsakani, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ɗaya. Ka sa bulowa ka kaɗe ƙura, amma ka riƙe fankar da yatsa kada iska ta yi ta wulwula ta. Ka kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri.

Sai ka sauke HWiNFO don ganin zafi da boltej, Cinebench don auna ƙarfi, OCCT ko Prime95 don gasa ta. Ka gudanar da Cinebench tun ba ka canza komai ba, ka rubuta makin da zafin a takarda. Takarda nake nufi, ta hannu. Duk canjin da ka yi ka rubuta, domin ranar da allo ya yi baƙi ba za ka tuna ba.

A BIOS abu biyu kawai za ka taɓa. Na farko lambar ninkawa, wadda za ka ga an rubuta CPU Ratio ko Core Ratio. Wannan furosesar an rubuta mata 4.7, amma wannan sai in ƙwaya ɗaya ce daga cikin ƙwayoyin aiki shida da ke cikinta ke aiki. In duka shidan suna aiki, 4.3 take yi. Ka sa dukkansu a 45. Na biyu boltej, wato Vcore. Kada ka bar shi a Auto, domin madabod da yawa hannunsu a sake yake, sukan zuba wutar da ta fi buƙata. Ka sa 1.20 da hannunka. Ajiye, tashi, gasa ta minti talatin kana kallon zafi. In ta tsaya, koma ka sa 46. In ta faɗi ko allo ya yi shuɗi, ƙara boltej da 0.01 ko 0.02, ba fiye ba. Haka za ka yi ta hawa taki ɗaya ɗaya, canji ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya canza abu uku tare, in ta faɗi bai san wanne ne mai laifin ba. Ni ba na ba sabon shiga shawarar wuce bolt 1.35 a wannan furosesar, kuma na fi zaton zafi zai tsayar da kai tun kafin nan.

Boltej ɗin shi ne mugun. Gudu in ya ƙaru da kashi 10, zafi ma kusan kashi 10 yake ƙaruwa. Boltej kuwa ninka kansa yake yi: daga 1.20 zuwa 1.35 kaɗai ya ƙara wajen kashi 27 na wutar da take ci. Haɗa da ƙarin gudun, ka doshi kashi 40. Mai amfani da inbata da sola, wannan daga batirinsa zai fita. Shi ne kuma ke cinye furosesa a hankali, ko da ba ta ƙone ba. Ba mu kaɗai ba, manyan ma sun ɗanɗana: a 2024 Intel ya amsa cewa yawan boltej ne ke lalata wasu furosesoshinsa na zubi na 13 da 14, ya fitar da gyara, ya ƙara musu garantin shekara biyu.

Yanzu ribar. A ce ka tsaya a 4.8. Daga 4.3 ƙarin kusan kashi 12 ke nan, aikin awa ɗaya ya koma wajen minti 54. A wasanni, in katin hoto ne ke riƙe ka, ƙila ba za ka ga komai ba. A 1998 mutane sun ɗauki Celeron 300A mai megahaz 300 suka mayar da ita 450, ƙarin rabi cur a kyauta, daga irin wannan ne harkar ta yi suna. Yau kamfanonin sun riga sun tatse yawancin nonon kafin su sayar. Waɗanda suka haura gigahaz 9 da i9-13900K a ƙarshen 2022 kuwa da ruwan hiliyam suka sanyaya ta, na ɗan lokaci, don kafa tarihi. Ba da ita suke aiki ba.

Duk da haka ban ce kada ka yi ba. Za ka koyi abin da ba a koya a aji, kuma kwamfutar ba ta da sauran garantin da za ka rasa. In ka samu lambar da ta tsaya, gasa ta awa biyu zuwa huɗu da rana tsaka, ba da asuba ba, sannan ka sauko taki ɗaya ka zauna a nan. Kada ka yi wannan aiki a kan ƙaramin janareta mai hawa da sauka, ba za ka gane ko saitinka ne ya faɗi ko wutar ba. Sabunta BIOS kuwa, in ba UPS ko inbata, kada ka fara. In wuta ta ɗauke a tsakiya, madabod ɗin na iya zama katako.

Tambaya: Malam, ni Ryzen 5 5600 gare ni a B550. In bi matakan da ake bi a Intel? Daga Hotoro.

Amsa: Za ka iya, AMD ya bar kusan duk Ryzen a buɗe tun 2017, in dai madabod ba mai harafin A ba ne kamar A320 da A520. Amma ban ga amfanin ba. Taka da kanta take hawa har 4.4 gwargwadon sanyin da ta samu. Kunna XMP, sa mata fanka mai kyau, ka ba ta iska. In hannunka na ƙaiƙayi, shiga BIOS ka nemi Curve Optimizer a ƙarƙashin PBO, tsarin AMD na barin furosesa ta ƙara gudu da kanta, ka sa shi a ɓangaren ragi, ka fara da 10. Wannan rage mata boltej yake yi, ta yi sanyi, sai ta ƙara gudu da kanta. A garinmu wannan ya fi dacewa. Shi ma sai an gwada, kuma faɗuwarsa ta fi zuwa lokacin da kwamfuta ke zaune ba ta komai, ba lokacin da ake gasa ta ba.

Tambaya: Don Allah Malam a taimaka. Na canza wasu lambobi a BIOS jiya da dare, yanzu fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Ta babanmu ce, da ita yake lissafin shago, bai sani ba tukuna. Ta ƙone? Daga Fagge.

Amsa: Kwantar da hankalinka ɗana, da wuya in ta ƙone. Saitin da ka sa ne ta kasa tashi da shi, sai a sa ta manta.

Zare wayar wuta daga bango. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe daƙiƙa goma don sauran wutar ta fita. Buɗe murfin gefe, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki, musamman in lokacin hunturu ne da jiki ke tara wuta. A kan madabod za ka ga wani batir mai faɗi, fari, kamar kwabo, an rubuta CR2032. Tura ɗan ƙarfen da ya riƙe shi, zai yi tsalle ya fito. Bar shi a waje minti biyar, mayar da shi yadda rubutun ke kallon sama, rufe, kunna. Wasu madabod ɗin suna da ƙusoshi biyu da aka rubuta CLR_CMOS ko JBAT1 a gefensu, haɗa su da bakin sukundireba na daƙiƙa kaɗan, wuta a zare, aikin ɗaya ne.

In ta tashi za ta nemi ka shiga BIOS. Zaɓi Load Optimized Defaults, gyara kwanan wata da agogo domin za su iya rikicewa, ka ajiye. Lissafin shagon yana cikin hadis, wannan bai taɓa shi ba.

In har yanzu baƙi ne, cire sandunan RAM ka bar ɗaya a rami na biyu, ka sake gwadawa. In ta ƙi, to ka gaya wa Baba da bakinka kafin ya zo buɗe shago, ku kai ta wurin mai gyara tare. Ka faɗa wa mai gyaran ainihin abin da ka taɓa da lambar da ka sa, musamman in ta boltej ce, kada ya kwana yana neman abin da kai ka riga ka sani.